Idan Ciwon Dajin Hanji Ya Koma Hanta: Kada A Yi Saurin Yanke Ƙauna

Gabatarwa

Akwai wata rana mai nauyi da takan riski wasu daga cikin waɗanda aka yi wa tiyatar ciwon daji na babban hanji. An yanke ɓangaren hanjin da ya kamu, rauni ya warke, mutum ya koma kasuwarsa ko ofishinsa ko gonarsa, iyali sun yi sadaka sun gode wa Allah. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai gwajin jini ko hoton ciki ya nuna wani ƙari a cikin hanta. A wannan rana kalmar da ke fara fitowa daga bakin dangi, wani lokaci har daga bakin ma'aikacin asibiti, ita ce "ya bazu", kuma abin da ake nufi da ita shi ne magana ta ƙare, saura addu'a.

Addu'a kam ba ta da ranar dainawa. Amma hukuncin cewa magana ta ƙare hukunci ne na shekaru hamsin da suka wuce, kuma ilimin likitanci na yau ya riga ya warware shi. Ciwon dajin hanji da ya koma hanta yana cikin 'yan tsirarun nau'o'in ciwon daji da ake iya warkar da wasu masu su ko bayan sun bar inda suka tsiro. Saboda haka bai kamata a ce wa majinyaci ciwonsa ya fi ƙarfin wuƙa ba, har sai likitan da aikinsa shi ne tiyatar hanta ya ɗora idonsa a kan hotunan, ya kuma zauna da sauran ƙwararru sun tattauna. Wannan haƙƙi ne na majinyaci, kuma tauye shi na iya zama tauye masa shekaru masu yawa na rayuwa.

Me Ya Sa Hanta?

Ciwon daji na babban hanji da dubura shi ne na uku a yawan kama mutane a duniya, kuma na biyu a yawan kisa. Ƙididdigar shekarar 2022 ta nuna sababbin masu kamuwa kimanin miliyan 1.9, da mace-mace kimanin 900,000. Tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin masu wannan ciwo, ciwon kan kai ga hantarsu, wasu tun ranar da aka gano shi, wasu kuma bayan an yi musu tiyatar hanji.

Dalilin haka yana cikin tsarin halittar jiki. Jinin da ya zagaya hanji ya kwaso abincin da aka narkar ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta kai shi hanta domin a tace, kuma wannan jijiya ita ke kawo wa hanta kusan kashi uku cikin huɗu na jininta. Idan ƙwayoyin ciwon daji suka ɓalle daga hanji suka faɗa cikin jini, hanta ce rariyar farko da suke tararwa, a nan suke maƙalewa su yi saiwa. Sau da yawa sun riga sun isa can tun kafin tiyatar farko, sai dai ƙanƙantarsu ta hana kowace na'ura ganinsu. Don haka bayyanarsu daga baya ba ta nufin likitan farko ya yi sakaci.

Wannan tsari yana ɗauke da wani alheri. Tun da hanta ce zangon farko, a jikin mutane da yawa ciwon kan tsaya a can na wani lokaci bai wuce ba. Idan aka cim masa a wannan zango, ana iya tumɓuke shi.

Ya kamata kuma a bambanta shi da ciwon dajin da ya tsiro daga hantar kanta, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma saboda ciwon hanta nau'in B. Ƙarin da ya taso daga hanji, ko da yana zaune a hanta, ƙwayoyinsa na hanji ne, kuma magungunan ciwon dajin hanji ne ke aiki a kansa.

Tiyata: Babbar Ƙofar Warkewa

An daɗe ana tsoron taɓa hanta da wuƙa saboda yawan jininta. Abin ya fara sauyawa a Faransa. A shekarar 1952 Jean-Louis Lortat-Jacob ya ba da rahoton cire ɓarin hanta na dama bisa tsari, ta hanyar ɗaure jijiyoyinsa kafin yanka. A shekarar 1957 Claude Couinaud ya bayyana cewa hanta ta kasu gida takwas, kowane gida da jijiyoyin jininsa da magudanar ruwan maɗacinsa. Ma'anar wannan ita ce ana iya cire gida ɗaya ko uku ko biyar, sauran su ci gaba da aiki. Bugu da ƙari, Allah ya ba hanta wata baiwa da sauran sassan ciki ba su da ita: idan aka yanke wani ɓangarenta, abin da ya rage yakan girma cikin 'yan makonni ya cike mafi yawan gurbin.

A shekarar 1999 Yuman Fong da abokan aikinsa a asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyok sun wallafa sakamakon majinyata 1,001 da aka yanke wa irin wannan ƙari daga hanta. Waɗanda suka rasu sanadiyyar tiyatar ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kashi 37 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kashi 22 kuma bayan shekara 10. A manyan cibiyoyi na yau adadin masu kai shekara 5 yakan kama daga kashi 40 zuwa 50, wani wurin ma ya haura. A kwatanta wannan da majinyacin da ba a yi wa kowane magani ba, wanda galibi ba ya cika shekara ɗaya.

Wannan bincike ya kuma fito da alamu biyar da ke nuna ciwon na iya dawowa: idan ya riga ya shiga kaluluwar da ke kusa da hanji, idan ya bayyana a hanta kafin wata 12 da tiyatar farko, idan ƙarin ya wuce ɗaya, idan girmansa ya haura santimita 5, ko idan sinadarin CEA na cikin jini ya yi tashin gaske. Waɗannan alamu suna taimaka wa likita ya faɗa wa majinyaci gaskiyar matsayinsa, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ta haramta tiyata.

A nan ne tsohon ilimi ke cutar da mutane. Da can ana koyar da cewa ba a yi wa mutum tiyata idan ƙarin ya wuce uku, ko idan ya kama ɓangarorin hanta biyu. An bar wannan ƙa'ida. Tambayar da ake yi yanzu ta koma kan abin da zai rage: shin za a iya cire dukkan ƙarin a bar wa mutum hanta mai lafiya da za ta riƙe shi, da jijiyoyinta na shigar jini da fitarsa da magudanar maɗaci? Idan hantar lafiyayya ce, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na iya wadatarwa. Idan ta sha magungunan kemo ana neman kimanin kashi 30, idan kuma ta riga ta taurare ana neman kashi 40. Wannan lissafi ne da likitan tiyatar hanta kaɗai ke iya yi da kyau, shi ya sa hukuncin "ba ya yankuwa" bai dace ya fito daga bakin kowa ba sai shi.

Idan Ba Ya Yankuwa Yau

Gaskiya ce cewa a ranar da aka gano ciwon, kimanin mutum ɗaya ko biyu ne cikin goma za a iya kai su ɗakin tiyata kai tsaye. Amma wannan adadi ba tsayayye ba ne.

Na shekaru kusan arba'in magani ɗaya tak ake da shi, wato fuloroyurasil, wanda Charles Heidelberger ya haɗa a shekarar 1957. A tsakiyar shekarun 1990 aka samu irinotekan da okzalifilatin. Haɗa su da tsohon maganin ya haifar da tsare-tsaren da ake kira FOLFOX da FOLFIRI, waɗanda ke sa ƙari ya ƙanƙance a jikin kusan rabin masu shansu. Henri Bismuth da René Adam na asibitin Paul Brousse da ke kusa da birnin Faris su ne suka nuna amfanin wannan ƙanƙancewa. A rahotonsu na 2004, daga cikin majinyata 1,104 da aka ce ciwonsu ba ya yankuwa, 138 sun kai matsayin tiyata bayan kemo, kuma kashi 33 cikin 100 na waɗannan suna raye bayan shekara 5. Da magungunan yau rabon masu samun wannan dama ya ƙaru.

Daga shekarar 2004 aka fara amfani da magungunan da ke auna wani rauni na musamman a jikin ƙarin. Bebasizumab yana hana shi tsirar da sababbin jijiyoyin jini. Setuksimab da fanitumumab suna toshe wata ƙofa da ke aika wa ƙwayar daji umarnin hayayyafa. Sai dai waɗannan biyun ba sa aiki idan ƙwayar gado da ake kira RAS ta sauya, kuma kusan rabin majinyata suna da wannan sauyi. Sun kuma fi amfani ga ciwon da ya tsiro a ɓangaren hagu na hanji. Saboda haka sayen irin wannan magani mai tsada ba tare da an gwada naman ƙarin ba, zubar da dukiya ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ya wajaba iyali su tabbatar an adana naman da aka yanke a tiyatar farko, su kuma riƙe takardar sakamakonsa.

Akwai kuma wani rukuni, kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na masu ciwon da ya bazu, waɗanda ƙarinsu ya rasa hanyar gyara kurakuran ƙwayoyin gadonsa. Ana kiran wannan hali MSI mai yawa. Irin wannan ƙari yana da sauƙin ganewa ga garkuwar jiki idan aka kwance mata dabaibayi. Gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna maganin fembirolizumab ya riƙe ciwon na tsawon wata 16.5 a matsakaici, alhali kemo ya riƙe shi wata 8.2.

Kemo yana da nasa farashi. Okzalifilatin yana kawo mutuwar yatsu da jin zafi idan aka taɓa abu mai sanyi, irinotekan yana kawo gudawa, kuma dukkansu suna gajiyar da hanta idan aka daɗe ana sha. Wani abin mamaki shi ne idan aka zarce, ƙananan ƙari sukan ɓace daga hoto alhali ƙwayoyinsu na nan da rai, likita ya rasa inda zai yanka. Don haka ake sake ɗaukar hoto duk bayan wata biyu, kuma da zarar ciwon ya yanku sai a yanke. Wannan ma hujja ce da ke nuna likitan tiyata ya shigo tun daga farko, kada a jira sai an gama kemo.

Idan matsalar ita ce abin da zai rage ya yi kaɗan, akwai dabarar toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da za a cire, wadda Masatoshi Makuuchi na Japan ya yaɗa a shekarun 1980. Jinin sai ya karkata zuwa ɗaya ɓangaren, ya girma cikin makonni huɗu zuwa shida. Ana kuma iya raba aikin gida biyu: a share ɓangare ɗaya, a bar shi ya girma, sannan a dawo a cire ɗayan.

Ƙonawa, Gashi Da Dashe

Ba kowane ƙari ne ke bukatar wuƙa ba. Ana iya soka wata siririyar allura ta fata, da jagorancin hoto, har tsakiyar ƙarin, a sake masa zafi ya ƙone. An daɗe ana ɗaukar wannan hanya a matsayin ta waɗanda ba za su jure tiyata ba. Gwajin COLLISION da aka gudanar galibi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2025, ya kwatanta ta da tiyata a kan majinyata kimanin 300 masu ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Tsawon rayuwa bai bambanta ba, kuma waɗanda aka ƙona wa sun fi ƙarancin matsaloli da gajeren zaman asibiti. Tun kafin nan, wani ƙaramin gwaji na Turai a kan majinyata 119 da ciwonsu ba ya yankuwa ya nuna cewa bayan shekara 8, kashi 36 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙonawa da kemo suna raye, alhali masu kemo kaɗai kashi 9 ne. Iyakar wannan hanya ita ce babban ƙari, da wanda ya manne wa babbar jijiya, domin jinin da ke gudana yana kwashe zafin.

Akwai gashi na musamman da ke tattara haske mai ƙarfi a kan ƙari ɗaya cikin zama uku zuwa biyar. Akwai zuba kemo kai tsaye cikin jijiyar hanta ta wani ɗan famfo da ake dasawa a ƙarƙashin fata. Akwai kuma tura ƙananan duwatsu masu tururin nukiliya cikin jijiyar, sai dai manyan gwaje-gwajen da aka haɗa sakamakonsu a 2017 sun nuna ƙara su a kan kemo na farko bai tsawaita rayuwa ba. Wannan darasi ne: sabuwar na'ura da tsadarta ba su ne shaidar amfani ba.

Dashen hanta shi ne sabon babi. Likitocin Oslo a ƙasar Norwe sun ba da rahoto a 2013 kan majinyata 21, inda aka ƙiyasta kashi 60 cikin 100 sun kai shekara 5. Gwajin TransMet na 2024, a kan majinyata 94 a Faransa da Beljiyam da Italiya, ya samu kashi 57 cikin 100 a rukunin dashe, da kashi 13 a rukunin kemo kaɗai. Amma an tace waɗannan majinyata tacewa mai tsanani, kuma hanya ce da ke buɗe ga mutane ƙalilan ko a ƙasashe masu arziki.

Abin Da Masu Ja Za Su Ce

Mai ja zai iya cewa wannan duk sanya rai ne da zai talauta iyali. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa tiyatar hanta ciwon yakan dawo musu. Waɗanda suka warke har abada kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ko shida. Idan ciwon ya watsu cikin rigar ciki da ƙashi da wurare da dama, ko majinyaci ya raunana har ba ya iya tashi daga gado, babbar tiyata ba za ta ƙara masa komai ba sai wahala. Sayar da gida da gona domin maganin da ba a gwada dacewarsa ba zalunci ne ga marayun da za a bari.

Amma wannan hujja tana kira ne zuwa ga zaɓe na ilimi. Mutum ɗaya cikin shida ba ƙaramin rabo ba ne ga wanda ya san madadinsa, kuma idan ciwon ya dawo hanta ana iya sake yankewa ko ƙonawa. Ko wanda ba za a taɓa yi wa tiyata ba, kemo na yau ya kai matsakaicin rayuwarsa zuwa kimanin wata 30 a manyan gwaje-gwaje, daga kimanin wata 12 a zamanin magani ɗaya. Wanda kuma ya zaɓi kada a yi masa kemo, ko jikinsa ba zai ɗauka ba, yana da haƙƙin a kashe masa raɗaɗi da ruwan mofin na sha, a kula da cinsa da barcinsa da hankalinsa. Abin ƙi shi ne a yanke wa mutum hukunci a tsaye a baranda, kafin waɗanda suka san aikin su duba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan tiyatar hanji, da na hanta, da na kemo, da mai karanta hoto, da mai duba nama, su zauna a tebur guda kan kowane majinyaci. Inda asibiti ba shi da likitan hanta, hotunan CT suna tafiya ta intanet cikin minti kaɗan, kuma neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne ga likitan farko.

Abin Da Ya Shafi Gida

Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne ga gano ciwon yana ƙarami. Mafi yawan dawowarsa cikin shekara uku na farko ne, kuma ƙari a hanta ba ya ciwo sai ya girma. Wanda ya jira sai ya ga shawara a idonsa ko cikinsa ya kumbura, sau da yawa ya makara. Ka'idar ita ce gwajin CEA duk wata uku zuwa shida, da hoton CT na ƙirji da ciki sau ɗaya ko biyu a shekara, har shekara uku zuwa biyar. Gwajin FACS na Ingila, na shekarar 2014, ya nuna irin wannan bibiya ta ninka kusan sau uku yawan waɗanda aka samu damar yi wa tiyatar neman warkewa. A ƙasar Hausa, inda majinyaci kan ɗauki sallama daga asibiti a matsayin rabuwa, wannan shi ne gyara mafi araha kuma mafi girman amfani.

Na biyu, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Kemo na iya tayar da ita daga barci ta lalata hantar da ake ƙoƙarin ceto. Gwajinta kafin fara kemo wajibi ne, kuma ƙwayar tenofobir tana tsare wannan haɗari. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba nauyi ne a kan hantar da za a bukaci kowane yankinta ranar tiyata.

Na uku, wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da asibitin Memorial Sloan Kettering, wanda aka wallafa a 2021, ya samu halin MSI mai yawa a kimanin kashi 28 cikin 100 na majinyatan Nijeriya da aka gwada, wato ninki biyu na takwarorinsu na Amurka. Wannan ya isa hujja ga asibitocin koyarwa su mayar da wannan gwaji aikin yau da kullum.

Kammalawa

Aikin da ke gaban jami'o'i da asibitocinsu a bayyane yake: horar da likitocin tiyatar hanta, tara irin waɗannan ayyuka a cibiyoyi kaɗan domin hannu ya goge, da kafa rajistar da za ta nemo majinyacin da bai dawo ba. Na majinyaci da danginsa kuwa tambayoyi huɗu ne da za su riƙe a ranar da aka ce ciwon ya koma hanta. Shin a hanta kaɗai yake? Shin likitan tiyatar hanta ya ga hotunan? Shin an gwada RAS da MSI a naman? Shin manufar maganin da za a fara warkarwa ce ko tsawaita rayuwa? Rai da ajali na hannun Allah, amma neman magani umarni ne, kuma wanda ya yi waɗannan tambayoyi ya sauke nasa nauyin.